Sarkin Gobir Mayaƙi: Basaraken da ya hana sarautar Gobir mutuwa bayan faɗuwar Alƙalawa

A yau sarakuna fiye da ɗaya ne ke amsa sunan Sarkin Gobir. Akwai na Sabon Birni, akwai na Isa, akwai na Gwadabawa, duk a jihar Sakkwato. Sannan akwai na Tsibiri, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

Wannan yawan suna ba rabon gado na lumana ne ya kawo shi ba. Yaƙi ne ya haife shi, yaƙin da aka shafe kusan dukan ƙarni na 19 ana gwabzawa tsakanin Daular Usmaniyya da Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya bayan an ci babban birninsu.

A cikin waɗanda suka jagoranci wannan turjiya, Sarkin Gobir Mayaƙi ɗan Yakuba ne ya fi barin abin da ya ɗore. Ya karɓi sarauta wajen 1836, lokacin da Gobir ba ta da birni, ba ta da rundunar kirki, sarkinta kuma an kashe shi a fagen fama. Ya rasu wajen 1858, ya bar gari mai ganuwa da fada da majalisa, wanda Sakkwato ba ta taɓa ci ba har zuwan Turawa.

Jikan Babari

Mayaƙi ɗan gidan sarauta ne gaba da baya. Kakansa shi ne Sarkin Gobir Babari, wanda ya murƙushe Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, ya kafa Alƙalawa a bakin Gulbin Rima. Kufan birnin yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta yanzu.

'Ya'yan Babari sun yi ta karɓar gadon sarauta ɗaya bayan ɗaya: Ɗan Gudi, Bawa Jan Gwarzo, Yakuba, sai Nafata. Ke nan Bawa Jan Gwarzo, wanda har gobe ake buga misali da jarumtarsa, baffan Mayaƙi ne. Yunfa ɗan Nafata kuma ɗan baffansa ne.

Mahaifinsa Yakuba bai mutu a kan shimfiɗa ba. An kashe shi a yaƙin Kiyawa, a ƙasar Zamfara, yana ƙoƙarin riƙe abin da Babari ya ci. Mayaƙi ya tashi maraya a gidan da ƙarfinsa ya fara raguwa tun kafin a harba kibiyar farko ta jihadi.

Gobirawa dama mutane ne da suka saba da ƙaura. Tarihinsu ya nuna sun gangaro daga ƙasar Azbin, suka zauna Birnin Lalle, daga baya suka matso kudu zuwa ƙasar Zamfara mai ruwa da dausayi. Wannan sabo da naɗe tabarma a kafa sabon gari ya yi musu rana daga baya.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk ɗan makaranta a Arewa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A watan Yuni na shekarar jama'arsa suka karya rundunar Yunfa a Tafkin Kwatto. Gobirawa sun rama a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda malamai da mahaddata masu yawa suka rasa rayukansu. Amma a watan Oktoban 1808 rundunar Muhammadu Bello ta shiga Alƙalawa, aka kashe Yunfa.

A littattafan makaranta da yawa, nan labarin Gobir ke ƙarewa. A wajen Mayaƙi da 'yan uwansa kuwa, nan ya fara.

Sarauta a kan doki

Shekaru kusan 28 da suka biyo baya, sarautar Gobir ba ta da mazauni tsayayye. Wasu 'yan sarki sun yi mubaya'a sun zauna ƙarƙashin sabuwar daula. Wasu sun shiga daji. An naɗa Salihu, an naɗa Gwamki, sannan sarauta ta faɗo hannun Ali ɗan Yakuba, ɗan uwan Mayaƙi uba ɗaya. Fada ta yi ta yawo tsakanin wurare irin su Kadaye da Dakurawa da Konya.

Rasuwar Shehu a 1817 ta buɗe ƙofa. Ƙasashe da dama da aka ci da yaƙi suka ga dama ta samu, suka juya wa Sakkwato baya. Wannan ne zamanin da ake kira na tawaye. Har Abdussalami, malami Bahaushe da ke cikin manyan almajiran Shehu tun farko, ya ɗaga tuta a Kware, aka yaƙe shi, ya rasu a 1818.

A gabas kuma, irin abin da ya sami Gobir ya sami Katsina. Zuriyar sarakunan Haɓe da aka kora daga birnin suka taru a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, suka kafa Maraɗi. Katsinawa da Gobirawa tsofaffin abokan gaba ne, domin a hannun Katsinawa Bawa Jan Gwarzo ya sha kashi a Ɗankaishi. Rashin gida ne ya haɗa su inuwa ɗaya.

Akwai shaidar gani da ido kan yadda yaƙin wannan zamani yake. A watan Oktoban 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iske Sarkin Musulmi Bello a sansani kusa da Konya, ya kalli yadda babbar runduna ta kewaye garin. An yini ana kai hari, mahaya masu lifidi suna zuwa bakin ganuwa suna komowa, maharban Gobir suna zuba kibau daga ciki. Ba a ci garin ba. Rundunar ta janye.

Darasin Konya a bayyane yake. A fili, dawakin daula sun fi yawa. A bayan ganuwa kuwa, 'yan ɗaruruwan maharba na iya tsayar da dubbai. Mayaƙi yana cikin manyan 'yan sarki a wannan zamani, kuma abin da ya yi daga baya ya nuna darasin bai wuce shi ba.

Daga bisani Ali ya yi sulhu da Bello, aka ɗan sami shekaru na sararawa. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, waɗanda ba su yarda da sulhun ba suka aika masa da wuƙaƙen fawa, wato dai ya ajiye takobi ya koma sana'ar mahauta tunda ya zama bara. Ga jikan Babari, wannan gori ya fi sara ciwo. Ali ya warware alkawari.

Gawakuke

Abin da ya haɗa ba ƙaramar runduna ba ce. Ga Gobirawa, ga Katsinawan Maraɗi a ƙarƙashin sarkinsu Rauda, ga Buzaye a ƙarƙashin Ibra. Bello, wanda a lokacin ya haura shekara 50, ya fito da kansa, ya tara tutoci daga sassan daula, ya bi su har can arewacin ƙasar Gobir inda ruwa ke wuya. Marubutan Sakkwato sun ambaci ƙishirwar da rundunar ta sha a hanya.

An haɗu a Gawakuke a 1836. Ƙawancen ya watse. An kashe Ali, an kashe Rauda, Ibra ya tsira da gudu. Kisan da aka yi a ranar yana da yawa ƙwarai, kuma Nana Asma'u ta yi waƙa ta musamman a kan wannan nasara ta ɗan uwanta.

Bello bai tsaya ga nasarar fagen fama ba. Dabararsa ita ce ribaɗi: garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zuba musu mayaƙa da malamai da manoma, a ɗora wani ɗan gidan Shehu a kai. Wurno, inda shi kansa ya zauna, ribaɗi ce. Isa ma haka, kuma ɗansa Aliyu Ƙarami ne ya riƙe ta. A Lajinge, wadda yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Sabon Birni kamar Unguwar Lalle da Gatawa, ya ɗora wani ɗansa mai suna Fodiyo.

Zaɓen Fodiyo akwai hikima a ciki. Mahaifiyarsa Katambale daga gidan Yunfa aka ɗauko ta bayan faɗuwar Alƙalawa. Bello yana miƙa wa Gobirawa shugaban da ba baƙo ne gaba ɗaya ba, da fatan su haƙura su zauna.

Duk mai lissafi a ƙarshen 1836 zai ce an gama da Gobir. An ci birninta, an kashe sarakunanta biyu a yaƙi cikin shekara 28, an kuma dasa garuruwan tsaro a tsakiyar ƙasarta.

Gari a cikin fadama

Bayan ɗan rikicin gado na gajeren lokaci, sarauta ta tabbata a hannun Mayaƙi. Ba yaro ba ne a lokacin. Mutum ne da ya ga faɗuwar gidansu, ya ga yawon daji, ya ga abin da fito-na-fito ya jawo wa ɗan uwansa.

Matakin da ya ɗauka ba irin wanda maroƙa ke so ba ne. Bai tara sauran mayaƙa ya nufi Alƙalawa don ɗaukar fansa ba. Ya juya wa kwarin Rima baya, ya nufi arewa maso gabas, wajen Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda a Maraɗi. Da taimakon Ɗan Mari aka kafa Tsibiri a kwarin Gulbin Maraɗi, 'yan kilomitoci kaɗan daga Maraɗi.

Wurin ya dace da buƙata. Kwarin a wancan zamani kurmi ne mai duhu, ga ruwa kusa, ga ƙasar noma. Dawaki ba sa sakewa a irin wannan wuri, maharbi kuwa nan ne gidansa. Duk rundunar da ta taso daga Sakkwato ko Wurno sai ta yi kwanaki tana keta daji kafin ta iso, ta iso a gajiye, sannan ta tarar da garuruwa biyu da ke iya kai wa juna ɗauki cikin sa'o'i kaɗan. Ta arewa kuma hanya a buɗe take zuwa ga Buzaye da fataken gishiri.

Abu mafi muhimmanci shi ne abin da aka zuba a cikin ganuwar. Mayaƙi bai kafa sansanin 'yan hari kawai ba. An mayar da tsarin Alƙalawa: majalisar Taran Gobir masu zaɓen sarki, da sarautu irin su Ubandawaki da Sarkin Rafi da Sarkin Kaya da Sarkin Bazai, da kuma sarautar Inna, macen gidan sarauta da ke da faɗa-a-ji a fada, take kuma shugabantar harkokin mata da na bori. Bagobirin da ya gudo daga kwarin Rima, da tsagarsa shida da bakwai a kumatu, idan ya shigo Tsibiri zai tarar da fadar da ya sani, da tamburan da ya sani, da wanda zai kai wa ƙara.

Nan ne Lajinge ta gaza. Tana da ganuwa da goyon bayan daula, amma masu naɗa Sarkin Gobir suna Tsibiri.

Wannan bambanci tsakanin mai tawaye da mai kafa gari ba a ƙasar Hausa kaɗai aka gan shi ba. A kusan wannan zamani, can a yammacin ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, sarkin Bama ya ci daular Arakan ta mutanen Rakhine, ya rushe sarautarsu ta birnin Mrauk U wajen 1785. Dubbai suka tsere zuwa yankin Chittagong. Wani jagoransu mai suna Chin Byan ya tara 'yan gudun hijira ya koma da yaƙi a 1811, ya ci ƙasa mai yawa, aka sake koro shi, ya ci gaba da kai hare-hare har ya mutu a 1815. Da mutuwarsa yunƙurin ya mutu, domin bai bar fada ko majalisar da za ta naɗa magaji ba. Sarautar Arakan ba ta sake dawowa ba, ko da yake ƙorafin bai mutu ba: ƙungiyar Arakan Army da aka kafa a 2009 tana yaƙin neman cin gashin kan Rakhine, kuma ta ƙwace garin Mrauk U a farkon 2024. Gobir ba ta sami irin wannan yankewa ba. Jerin sarakunanta bai tsinke ba.

Kibiyar da ta kai Atiku Katuru

Bello ya rasu a Wurno a 1837. Ƙaninsa Abubakar Atiku ya gaje shi, mutum mai tsanani da zafin addini. Ba zai zuba ido wata sabuwar Alƙalawa ta tsiro a arewa ba.

A 1842 Atiku ya ja runduna zuwa Tsibiri. Wannan ce jarrabawar farko ta gaske ga garin Mayaƙi, kuma garin ya tsaya. Sarkin Musulmi ya sami rauni a yaƙin, aka juyo da shi, ya rasu a Katuru kafin a kai gida. Can aka binne shi, shi ya sa ake ce masa Atiku Mai Katuru.

Shekara shida kacal tsakanin Gawakuke da wannan rana. Mutanen da aka ɗauka an gama da su sun zama sanadin rasuwar shugaban daula mafi girma a yankin. Daga nan lissafi ya canza. Sakkwato ta ci gaba da kai yaƙi arewa, amma batun shafe Gobir daga doron ƙasa ya koma batun tsare iyaka.

Aliyu Babba ɗan Bello, wanda ya hau a 1842, shi ya yi zamani mafi tsawo da Mayaƙi. Kusan shekara 16 suna jan igiya. Matsalar Aliyu ba Gobir kaɗai ba ce. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a Argungu, daula ta koma yaƙi ta yamma da ta arewa a lokaci guda. A gabas, Buhari na Haɗeja ya yi nasa tawayen. Kowace ɓaraka a cikin daula numfashi ce ga Tsibiri.

Salon yaƙin Mayaƙi ya bambanta da na ɗan uwansa Ali. Da kaka ta yi, hanyoyi suka bushe, sai mahaya su fito daga Tsibiri da Maraɗi, su faɗa wa ƙauyuka da ayarin fatake, su kwashi mutane da dabbobi, su koma kafin a tara rundunar da za ta tare su. Garuruwan Zamfara da dama sun karkata gare su, wasu don ra'ayi, wasu don tsira da rai.

Turawa masu yawon bincike sun ga wannan da idonsu. Bajamushe Adolf Overweg ya ziyarci Gobir da Maraɗi a farkon 1851, ya yi makonni a can. Abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya taso daga Katsina zuwa Sakkwato a 1853, kuma labarin motsin rundunar Gobir ne ya riƙa tsara wa ayarinsu hanya. Sun bi ta Zurmi da Sansanin Isa, sannan suka keta dajin Gundumi dare da rana ba tsayawa, don tsoron 'yan hari. Ya iske Aliyu Babba a Gawasu yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Da Sarkin Musulmi ya dawo bayan 'yan makonni, abin da aka samu shi ne ladabtar da ƙauyukan duwatsun Kwatarkwashi. Babbar rundunar Gobir ba ta tsaya an yi karo ba.

Wato babbar hanyar da ta haɗa Sakkwato da Katsina da Kano, jijiyar daular, ba ta da aminci shekara 45 bayan cin Alƙalawa. Wannan shi ne ma'aunin abin da Mayaƙi ya cimma.

Waɗanda suka biya kuɗin

A nan ya kamata a rage kiɗa. Yaƙin hari ba a kan sarakuna yake sauka ba. A kan manomi yake sauka, da matar da ta je ɗiban ruwa, da yaron da ke kiwo. Ɓangarorin biyu duk sun kama mutane sun mayar bayi, sun ƙona rumbuna, sun kore shanu. Ƙasar da ke tsakanin Isa da Alƙalawa da Tsibiri, wadda ta ciyar da babban birni a zamanin Bawa, da yawanta ta koma daji. Wanda ya rage sai ya takure a gari mai ganuwa, ya yi noma iya inda zai iya gudowa kafin a rufe ƙofa.

Kuma da yawan waɗanda mahayan Tsibiri suka kama Hausawa ne, wasu ma Gobirawa ne da suka zaɓi zama a gonakin iyayensu ƙarƙashin daula. 'Yancin da Mayaƙi ya kare 'yancin gidan sarauta ne da tsarinsa. Ko talakan kwarin Rima ya ɗauke shi nasa, wannan ya danganta da ɓangaren ganuwar da dare ya same shi.

Haka nan kuskure ne a karanta wannan tarihi a matsayin yaƙin Hausa da Fulani zalla, kamar yadda wasu ke yi a Facebook da TikTok duk lokacin da aka kai hari a gabashin Sakkwato. A rundunar Yunfa a Tafkin Kwatto akwai Fulani da Buzaye. A jama'ar Shehu akwai Hausawa da yawa, kuma Zamfarawa sun mara wa jihadi baya da farko saboda tsohuwar gabarsu da Gobir, kafin su juya. Fodiyo na Lajinge jinin ɓangarorin biyu ne. Sarkin Katsina Siddiku, na gidan Dallazawa, da aka tuɓe shi a 1844, wajen abokan gaban daula ya nufa.

Ta fuskar addini ma abin ba baƙi da fari ba ne. Sarakunan Gobir suna kiran kansu Musulmi, suna da limamai da alƙalai, kuma Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Idin Magami, har da Shehu. Tuhumar da masu jihadi suka yi musu ita ce haɗa Musulunci da al'adun gargajiya, da zalunci, da tsananta wa jama'ar Shehu, kuma dokokin Nafata da harin Gimbana sun ba wannan tuhuma ƙarfi. A ɗaya gefen, Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya yi musayar wasiƙu da Bello yana ƙalubalantar halaccin yaƙar masu salla. Muhawara ce ta malamai, kuma tun a wancan zamani ba a rufe ta da baki ɗaya ba.

'Yan bindigar da suka addabi Sabon Birni da Isa a shekarun nan ba magadan kowane ɓangare ba ne. Bello ya gina garuruwa, Mayaƙi ma ya gina gari. Abin da ya yi kama tsakanin zamanin biyu shi ne halin da mutumin ƙauye ke ciki, da kuma hanyar da yake bi idan ya gudu. Tun daga 2019 dubban mutanen wannan yanki suka tsallaka zuwa gundumar Gidan Rumji a jihar Maraɗi, gundumar da Tsibiri ke cikinta.

Bayan Mayaƙi

Mayaƙi ya rasu wajen 1858, bayan fiye da shekara 20 a kan gado. A gidan da aka kashe mahaifinsa Yakuba da ɗan baffansa Yunfa da ɗan uwansa Ali duk a fagen yaƙi, wannan tsawon mulki kansa abin lura ne. A shekarunsa na ƙarshe ya yi zamani da Ɗan Baskore na Maraɗi, wanda hare-harensa suka girgiza ƙasar Katsina har zuwa ta Kano.

Bawa ɗan Gwamki ne ya gaje shi. Abin da yaƙi bai yi wa Tsibiri ba, rikicin cikin gida ya fara yi mata. Wani ɗan sarki mai suna Ɗan Halima ya ɓata da Bawa, ya fice da mutanensa. Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, ɗan wanda ya rasu a Katuru, ya ga dama ta samu. Ya ba shi izini ya kafa gari a tsohuwar ƙasar Gobir, ba nisa da kufan Alƙalawa. Garin shi ne Sabon Birni, an kafa shi a zamanin mulkin Ahmadu, tsakanin 1859 da 1866.

Manufar Sakkwato ita ce ta raba kan Gobirawa, ta kuma sami katanga tsakaninta da Tsibiri. Ta yi nasara a ta farko. A ta biyu kuwa ba sosai ba, domin daga baya Sabon Birni ma ta juya baya, sai da aka kai mata yaƙi. Duk da haka, ta wannan hanya ce jinin Babari ya dawo mulki a kwarin Rima, abin da Mayaƙi bai samu da takobi ba.

Sauran aikin Turawa ne suka ƙarasa, a kan tebur. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta bar wa Ingila duk abin da yake mallakar daular Sakkwato. Sai tambaya ta taso: ina mallakar Sakkwato ta tsaya? A 1898 aka zana da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, wadda ta bar Faransawa da hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Suka matsa a sake zama. Cikin hujjojinsu akwai cewa Gobir ta Tsibiri da Katsina ta Maraɗi ba su taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba.

Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara layin. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamun iyaka. Jami'in tawagar Faransa mai fassara, Landeroin, ya zauna da dattawan fadoji ya rubuta tarihin sarakunansu, kuma rubutun nasa na cikin abin da masana ke dogara da shi kan zamanin Mayaƙi.

Layin ya bi kusan inda dawakin ɓangarorin biyu suka saba tsayawa. Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, yau suna Nijar. Sabon Birni da Isa da Lajinge da Unguwar Lalle suka faɗa hannun Ingila, yau suna Najeriya, tare da kufan Alƙalawa, birnin da kakan Mayaƙi ya gina.